Ƙanina Mawaƙin Talabijin

Mu biyu Inna ta bari da ta rasu, ni da ƙanina. Ina da shekara goma sha biyar, shi kuma bai cika bakwai ba. Gidanmu yana bayan Ɗansoshiya, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Baffa, wato mahaifinmu, yana noman dawa da masara, yana kuma da ƴan shanu da ba su taka kara sun karya ba. Bai sake aure ba, don haka ni na zama uwar yaron. Ni nake yi masa wanka, ni nake cire masa ƙaya, ni nake dama masa fura kafin ya bi shanu. Adda yake kirana, kamar yadda ake kiran babbar ya a gidajenmu, kuma har ya girma bai canza ba.

Ba yaro ne mai surutu ba. Idan baƙi suka zo, bayan rumbu yake ɓuya. Amma da zarar ya fita da shanu sai bakinsa ya buɗe. Kowace saniya da waƙarta. Daga cikin gida ina daka nakan jiyo shi can bakin rafi, wani lokaci da murya, wani lokaci da sarewar da ya fafe da kansa.

Mai gari ne ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa makaranta, Baffa ya ba da shi ba don yana so ba. Sai ga shi yaron yana da kai. Ya gama firamare, aka ɗauke shi makarantar kwana a wajen Bebeji. A can ya haɗu da wani malamin lissafi, mutumin Gana, mai kaɗa jita da yamma a ƙofar ɗakinsa. Ƙanina ya riƙa zama nesa kaɗan yana kallon yatsunsa har malamin ya lura da shi, ya koya masa. Da malamin zai koma ƙasarsu, kaya suka yi masa yawa, sai ya bar masa jitar.

Da ita ya dawo hutu, a naɗe cikin tsohon bargo. Baffa ya dube ta, ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ya ce, "Garayar Turawa ce wannan?"

"Kusan haka ne, Baffa."

"To, ba a cikin gidan nan ba."

Ƙanina ya riƙa fita da ita bayan gari. Sai da ya gama makaranta ya ce zai tafi Kano ya yi waƙa, sannan magana ta yi tsami. Ina gida ranar, na zo ganin Baffa daga Yako inda nake aure.

Baffa ya ce, "A zuriyarmu ba a taɓa yin maroƙi ba."

"Ba roƙo zan yi ba, Baffa. Ba zan wasa kowa ba. Waƙa kawai zan yi."

"Kai ka san bambancin. Mutanen da nake sallah da su ba su sani ba."

Bai tsine masa ba, bai kuma sa masa albarka ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ni na raka ƙanina bakin hanya da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake, ina ta faɗa masa ya kula da sallah, ya guji abokan banza. Abin da ya kamata in ce masa, cewa ni ban ga laifinsa ba, ban faɗa ba. Na ji kamar in na faɗa na ci amanar Baffa.

Shekarar da ta biyo baya mijina ya rasu. Kafinta ne, mutum mai sauƙin kai, zazzaɓi na kwana tara ya tafi da shi. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da na fita takaba, wata ƴar uwar Inna ta nema mini gurbin koyon aikin ungozoma, da yake na yi firamare a hannunta tun Inna tana da rai. Da na gama aka tura ni ƙaramin asibitin Doguwa, garin da ban san kowa ba.

Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan asibitin, da ɗan sito a gefe. Gado, tabarma, risho, tukunya biyu. Nakan yi girki sau ɗaya in ci sau biyu. Da rana ina cikin mata da jarirai, ana kuka ana dariya, amma ana tashi daga aiki kowa zai kama hanyar gidansa, ni kuma in zagaya baya in rufe ƙofa. Doguwa gari ne mai duwatsu da sanyi, ruwan sama in ya sauko sai ya wuni. Na koyi yin magana da kajina. Ba na jin kunyar faɗa, har amsa nake ba kaina a madadinsu.

Wata safiya ina wanke kayan aiki, wani mutum da ya kawo matarsa awo yana zaune a baranda da rediyonsa. Sai na ji jita, na ji murya. Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Waƙa ce a kan wata ja mai farin goshi da ta fita da hantsi ba ta dawo ba, mai waƙar ya bi sawunta har rafi, ya tambayi masu wanki, ya tambayi masu itace, babu wanda ya gan ta.

Mai rediyon ya ce, "Yaron nan soyayya ta kama shi. Duk Kano waƙar nan ake yi."

Na san jar nan. Saniyarmu ce da ta ɓace yana ɗan shekara tara, ya kwana biyu bai ci abinci ba saboda ita. Waƙar ta zagaye ko'ina, samari suna rera wa ƴanmata a dandali, masu kaset suna sa ta a kasuwa. A duk Doguwa ni kaɗai na san saniya ake nema, kuma ba ni da wanda zan yi dariyar da shi.

Bayan kaset ɗinsa na biyu, gidan talabijin a Kano ya ba shi shiri, kowace Asabar bayan la'asar. Yana gayyato baƙi su zauna a kujera ya yi hira da su: tsofaffin makaɗa, ɗalibai, wata rana har maƙeri da uwar maƙerarsa. Yana karanta wasiƙun masu kallo, a ƙarshe ya ɗauki jita ya yi waƙa ɗaya. Yaron da yake ɓuya bayan rumbu, shi ne yake sa dattawa dariya a gaban kyamara.

A unguwarmu talabijin ɗaya ce, a gidan malamin asibiti, shugabanmu a wurin aiki. Ƙarama ce, baƙi da fari, da batirin mota take aiki. An ɗaure eriyarta a kan doguwar gora, kuma saboda nisa da duwatsu hoton ba ya zuwa da kyau. Wani lokaci sai dai inuwar mutum a cikin yayyafi, wani lokaci murya kawai. Matar malamin, mace mai fara'a da son mutane, takan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida mata su taru. Ni nake fara zuwa, in zauna can gefe kusa da randa.

Na fi wata shida ban gaya musu ƙanina ne ba. Ina jin su suna cewa ya iya sa hula, suna gardama ko Bafulatani ne ko Bakano, wata ta rantse ɗan wani attajiri ne a birni. Abin da nake tsoro shi ne tambayar da za ta biyo baya: in ƙaninki ne, me ya sa ba mu taɓa ganinsa a nan ba?

Ranar da hoton ya fito tas, ya yi dariya kyamara ta matso kusa, sai matar malamin ta juyo ta ƙura mini ido.

"Ke ungozoma, yi murmushi mu gani."

Na rufe baki da mayafi.

"Wallahi wushiryarku iri ɗaya! Har hancin. Mene ne tsakaninku?"

Na ce, "Ni na goye shi."

Gidan ya kaure da salati da guɗa. Daga ranar na zama yayar mawaƙi. Mata suna kawo mini wasiƙu in kai masa, wani ya kawo ɗansa wai in haɗa su. Nakan karɓi wasiƙun in kai gidan waya kamar kowa, don ni ma adireshin gidan talabijin ɗin kawai na sani. Na rubuta masa tawa, gajeriya, na ce ina lafiya, ina ganinsa. Bayan mako uku, a tsakiyar shiri, ya ajiye takardun hannunsa ya ce, "Ina gaida Addata a Doguwa." Shi ke nan, ya ci gaba da karatu. Na yi watanni ina juya maganar nan a raina.

Sau ɗaya na gan shi yana aikinsa ido da ido. An sanar cewa za su zo kasuwar Tudun Wada su ɗauki shiri. Na nemi izini, na hau akori-kura da sassafe da kwalbar zuma da ƙwaryar man shanu. Kafin in isa wurin ya cika maƙil. Yana tsaye a kan tebur da farar riga, an shafa masa hoda a goshi, yana tambayar wani mai sayar da albasa yadda ake gane mai kyau. Mutane suna ta tura juna. Na tsaya a bayan wata rumfa ina riƙe da kayana sama don kada a fasa.

Shi ya hango ni. Ya sauko ya ratsa jama'a, ya durƙusa har ƙasa a cikin ɓawon rake ya gaishe ni. Ya ja ni cikin motarsu ya rufe ƙofa, yara suna leƙe ta gilashi.

Daga kusa na ga ya rame. Na ce, "Wa yake dafa maka abinci?"

"Akwai mai tuwo kusa da inda nake haya."

"Ba ka je ka ga Baffa ba."

"Zan je, Adda. Bari a gama wannan zangon." Sannan ya ce, "Yana ambatona?"

Kafin in amsa wani mutum mai takardu a hannu ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce rana tana juyawa, hoto zai lalace. Ƙanina ya karɓi zumar ya sa a ƙarƙashin kujera, ya ce in jira shi. Na jira har la'asar. Da suka gama, jama'a suka rufe motar, direba ya ja da ƙyar. Na ga hannunsa ta taga, ban san ko ni yake ɗaga wa ba ko kowa da kowa.

Ya yi aure a Kano, sai a bakin mutane na ji. Auren bai kai shekara biyu ba, wannan ma a bakin mutane na ji.

Da ciwon Baffa ya yi tsanani na ɗauki hutu na koma Ɗansoshiya na yi jinyarsa. Na aika saƙo Kano ta hannun wani direba. Kwana biyu kafin ya cika, ina ba shi kunu, Baffa ya ce, "Yaron nan yana sallah kuwa?"

Ban sani ba. Na ce, "Yana yi, Baffa."

Ya ce, "To."

Saƙon bai same shi da wuri ba, suna can wani gari ɗaukar shiri. Ya iso washegarin jana'iza. Ya zauna zaman makoki kwana uku a kan tabarma ɗaya da dattawan da Baffa yake jin kunyarsu, suka karɓi gaisuwarsa da mutunci, amma samari suna ta zagayowa suna leƙensa kamar an kawo abin kallo. Da zai tafi ya same ni a madafa ya ce, "Bai bar mini wata magana ba?" Na faɗa masa tambayar da amsar da na bayar. Ya daɗe yana kallon murhu, sannan ya ce, "Ba ki yi ƙarya ba, Adda." Ya fita.

Shirin ya yi shekaru yana gudana. A hankali abubuwa suka canza. Finafinan kaset suka shigo, da sababbin mawaƙa masu kiɗan fiyano da muryoyin mata. A kasuwa na daina jin jita. Matan da muke kallo tare suka ragu, wasu sun koma gidan da aka sayi bidiyo. Aka rage wa shirin lokaci. Wata Asabar na je na zauna kusa da randa kamar kullum, sai na ga ɗalibai a jere ana yi musu kacici-kacici. Matar malamin ta ce wataƙila ba shi da lafiya. Asabar ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ta huɗu ban je ba.

Farkon damina ne, ina tsakar ba wata mata magani, aka ce ina da baƙo. Na fito na gan shi yana sauka daga acaɓa da jaka ɗaya da jitar a baya. Hularsa ta jiƙe.

Ya gaishe ni, ya ce, "Adda, akwai wurin kwana?"

Na kwashe buhunan da ke sito, na share, na shimfiɗa masa katifa. Ban tambaye shi komai ba. Sai bayan kwanaki ya gaya mini cewa an canza shugaba a gidan talabijin ɗin, sabon ya ce masu kallo matasa suke so. Ba wanda ya yi masa wulaƙanci. An yi masa godiya, an ba shi agogon bango.

Makon farko mutane suka yi ta zuwa ganinsa, yana fitowa yana murmushin nan na talabijin, suna tafiya fuskarsa ta koma kamar an kashe fitila. Da suka saba da shi sai suka daina zuwa. Ina da ƴar gona a bayan asibiti da nake ba wa ƴan ƙwadago, ya ce in bar masa. Ranar farko hannunsa ya yi bororo har ya fashe, na sa masa magani ina yi masa tsiya. Ya shuka masara da wake. Jitar tana jingine a sito, bai taɓa ta ba.

Mun fi wata biyu muna zaune kamar baƙin juna. Mu gaisa, mu ci abinci, mu yi maganar ruwa da taki. Ni ma na daɗe ban zauna da mutum ba, na manta yadda ake yi. Har haushi nake ji in na tarar ya canza wa buta wuri.

Wata yamma da masara ta nuna, ya karyo guda huɗu muka gasa a bakin ƙofa. Hadari yana haɗuwa ta kan duwatsu. Yana juya masarar bai dube ni ba ya fara magana. Ya ce a ɗakin ɗaukar shiri fitilu suna da zafi kamar rana, mutum goma suna kanka, wannan yana gyara maka riga, wancan yana ƙirga maka lokaci. Ana cewa an gama, sai a kashe fitilu, kowa ya ɗauki jakarsa ya tafi wurin iyalinsa. Shi kuma ya hau bas ya koma ɗaki. Ya ce wasiƙu buhu-buhu suke zuwa, amma duk wanda ya rubuto, mutumin cikin akwatin yake rubuta wa. Ya ce ya yi sallah ƙarama da babba ba adadi shi kaɗai, mai tuwon ma ta tafi garinsu, sai ya ci burodi da shayi.

Na ce, "Da ka zo nan. Ni ma ni kaɗai nake yi."

Ya ɗago. "Ke me ya sa ba ki taɓa zuwa Kano wurina ba?"

"Ba ka taɓa cewa in zo ba."

"Na ɗauka kina tare da Baffa. Ranar da zan tafi ba ki ce komai ba. Wasiƙarki ma layi uku ce."

"Ni kuma na ɗauka ka yi nisa, kunyar mu kake ji."

Ya ce, "Kunya? Ni?" Ya yi wata dariya marar daɗi, ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙi ne. Na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun a bakin hanyar Ɗansoshiya, cewa ban taɓa ganin laifinsa ba ko na rana ɗaya, kuma ba Asabar ɗin da ta wuce ni sai in haihuwa ta tsare ni. Masara ɗaya ta ƙone. Ruwa ya sauko muka kwashe tabarma da gudu.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Shekarun da suka wuce sun wuce. Amma ya fara hira, ya riƙa kwaikwayon baƙin shirinsa har in riƙe ciki. Sau biyu ko uku ya ɗauko jitar ya kaɗa a hankali, ba waƙa, kiɗa kawai.

Da aka yi girbi ya ce zai koma gida. Ɗakin Baffa ya fara zubewa, gonar kuma tana hannun maƙwabta. Ya gyara ɗakin ya zauna, ya samu aikin koyarwa a wata firamare a Yako, yana zuwa a keke. Wani lokaci a kira shi ya gabatar da taron makaranta, ya je ya yi, ya dawo. Bai sake yin kaset ba. Na koma dafa abinci sau ɗaya in ci sau biyu, sai dai yanzu shirun ɗakin ya fi damuna fiye da da, don na ɗanɗana zama da mutum. Na rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa Kiru, kusa da gida. Sai da ta shekara uku kafin a amsa.

Ranar tashina shi ya zo da akori-kura. Kayan da na tara a duk zamana na Doguwa ba su cika rabin bayan motar ba, har da kejin kaji. Matan unguwa suka fito sallama, da yawa riƙe da yaran da na karɓi haihuwarsu, wasu yaran sun fi ni tsawo. Matar malamin asibiti ta rungume ni tana kuka tana yi mini faɗa wai ban taɓa kwana a gidanta ba. A lokacin na gane cewa da na ƙwanƙwasa ƙofofin nan da an buɗe mini.

Muka zauna a gaba mu uku da direba, wani matashi mai tauna cingam. Muna fita gari ya tura kaset na sababbin mawaƙan nan ya ƙure murya. Bai san wanda yake zaune kusa da shi ba. Na saci kallon ƙanina. Yana buga gwiwa da yatsu yana bin kiɗan.

Ya ce wa direban, "Yaron nan yana da murya. Sai dai yana saurin shan numfashi."

Direban ya ce, "Baba, kai ma kana jin waƙa ashe?"

"Kaɗan-kaɗan."

Muka ratsa daji, muka wuce Tudun Wada. Rana ta yi zafi, barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai a Kwanar Ɗangora da ya taɓa ni ya ce in sauko mu yi azahar.